Ɗan Tarka a Jami'a: Tsofaffin Littattafai da Kasuwar Belbeji

Idan hutun damina ya zo, ɗalibai ƴan asalin Tarka da ke karatu a jami'o'in Damagaram da Yamai da Tawa sukan koma gida su kama hauya tare da iyayensu. Wanda ke koyon aikin likita ba ya shan wahalar bayani, domin kowa ya san likita. Haka nan wanda ke koyon aikin gona ko na bisashe. Amma akwai wanda idan mahaifinsa ya ce masa, "Ɗana, kai wane aiki ake koya maka?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ilmin zaman jama'a ne da na tattalin arziki." Daga nan tsohon yakan yi shiru, domin a saninsa zaman jama'a a gida ake koyonsa, tattali kuwa uwargida ta fi kowa iya shi.

Tambayar tsohon tana bisa hanya. Ya sayar da akuya, wata shekara har da maraƙi, domin yaron ya zauna birni ya yi karatu. Ga shi kuma littattafan da yaron ya zo da su cikin jaka tsofaffi ne: waɗansu sun shekara 100, waɗansu sun ba 200 baya, ɗaya ma ya haura 600, kuma cikin mawallafansu babu wanda ya taɓa taka ƙasar Damargu. Duk da haka, tambayoyin da suka yi su ne waɗanda ake yi kowace ranar kasuwa a Belbeji. Me ya sa hatsi yake araha da kaka, lokacin da manomi ke sayarwa, ya yi tsada da damina, lokacin da yake saye? Wa ke da iko da fadama da rijiya? Me ke riƙe manomi da makiyayi su zauna lafiya, me kuma ke raba su? Amsar da ma'aikacin hukuma ya bai wa waɗannan tambayoyi tana iya cika rumbun talaka, tana kuma iya barinsa wayam.

Ƙasar da makarantun

Tarka ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin jahar Damagaram, babban garinta Belbeji. Da tana ƙarƙashin gundumar Tanut, sai a shekara ta 2011 aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 96,000 a cikinta, Hausawa da Abzinawa da Fulani. Sunanta ya fito daga kwarin Tarka, tsohon gulbin nan da ya daɗe da ƙafewa, wanda ya miƙe yamma ta Dakwaro da Madawa har ya faɗa Najeriya. Ruwan saman shekara a nan bai cika haura milimita 350 ba. Wato nan ne noma ke ƙarewa, kiwo ya soma.

Yaron da ya fito daga wannan ƙasa ya ci jarrabawar bak yana da ƙofofi a yau waɗanda kakansa bai gani ba. An buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maradi da Tawa. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan Andre Salifu, masanin tarihi ɗan garin, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram a 1971, ya rasu a 2022. Ta Tawa kuwa, wadda ta yi suna wajen koyar da shari'a da tattalin arziki, tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin tarihin Adar da Abzin.

Kafin a tura ɗalibi ƙauye da takardar tambayoyi, sai an zaunar da shi ya san magabatan fannin. Ilmin zaman jama'a yana binciken abin da ke haɗa mutane su zama al'umma, da abin da ke wargaza su. Ilmin tattalin arziki, a tsohuwar ma'anarsa, ya wuce lissafin riba da hasara: yana binciken yadda ake samar da dukiya, da yadda ake raba ta, da hannun da masu mulki ke da shi cikin rabon. Shi ya sa magabata suka gama sunansa da siyasa.

Malamin Tunis da mutanen daji

Mafi tsufa cikin magabatan nan ɗan Afirka ne. An haifi Ibn Haldun a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377. Ya raba mutane gida biyu, mazauna daji da mazauna gari. Ya ce wahalar daji tana haifar da ƙarfin zumunta, abin da ya kira asabiyya, kuma da wannan ƙarfi ne mutanen daji ke cin gari su kafa sarauta. In suka zauna cikin daɗi, zumuntar sai ta yi rauni, sarakuna su yi ta ƙara haraji har manomi da ɗan kasuwa su karaya, baitulmali ya bushe, waɗansu mutanen daji su zo su karɓe. A lissafinsa, tsakanin kaka da jika al'amarin yakan juya.

Ɗan Tarka ba ya bukatar a fassara masa wannan da yawa. Ya san abin da dangi ke yi wa mutum a bakin rijiya, ya kuma ji daga tsofaffi yadda Abzinawa masu raƙuma da takobi suka riƙe Damargu a ƙarni na 19 suna karɓar hatsi daga ƙauyuka. Amma tarihin ƙasarsa ya ƙara wani abu a kan maganar malamin. A nan daji da gari ba abokan gaba ba ne kaɗai. Gida ɗaya ne mai ƙofa biyu. Baturen Amurka Stephen Baier, wanda ya wallafa tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, ya nuna cewa idan fari ya yi tsanani mutanen arewa sukan gangara kudu wajen ƙauyukansu da masu masaukinsu a Damagaram da Katsina da Kano, in ƙasa ta yi kyau su sake tara bisashe su koma. Wannan kai da kawowa shi ne garkuwarsu daga yunwa. Ke nan duk wata doka ko iyaka da ta tare hanyar, garkuwar ta taɓa.

Adam Smit da ayarin gishiri

A 1776 wani malami ɗan Sikotlan, Adam Smit, ya wallafa littafi kan asalin arzikin al'ummai. Ya kawo misalin maƙerar allura mai kai: mutum guda shi kaɗai ba ya iya ƙera ko 20 a yini, amma mutum 10 da suka raba aikin tsakaninsu suna fitar da 48,000. Ya ce rabon aiki shi ne uwar arziki, amma rabon aiki ba ya wuce faɗin kasuwa. Inda masu saye suka yi yawa, kowa sai ya tsaya ga abin da ya fi iyawa.

Damargu ta dā shaida ce. Da kaka ayarin Abzinawa yakan ɗauki hatsi ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantun gishiri da dabino, sannan ya gangara Damargu da Damagaram har Kano, inda raƙuma ke cin rani suna zuba taki a gonaki. Mutumin Bilma yana haƙar gishiri, na Abzin yana kiwon raƙumi, na Damargu yana noma, na Kano yana saƙa da rini, kowa ya dogara ga ɗan'uwansa. Matafiyin nan Bajamushe Hainrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari ya sauka Damargu a watan Janairu na 1851, ya tarar ita ce rumbun Abzin. Ta nan kuma hanyar Kano zuwa Tarabulus ta bi, ana wucewa da fatu da hauren giwa da gashin jimina.

Sai kasuwar ta ƙuntata. A 1899 sojan Faransa suka shiga Damagaram. A 1911 dogo ya iso Kano daga bakin teku, kaya suka juya kudu domin jirgi ya fi raƙumi araha. A wannan shekara kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1913 da 1914. Bayan tawayen Kawsan na 1916 da 1917, Abzin ta yi hasarar mutane da raƙuma masu ɗimbin yawa. Cikin shekara 20, ƙasar da ke tsakiyar hanya ta koma gefe. Maganar Smit ta tabbata, cewa in kasuwa ta tsuke arziki ya tsuke. Amma ɗalibi mai lura zai ga abin da ya tsuke ta: ba ciniki kaɗai ba ne, har da bindiga da iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakaninsu.

Yawan baki da ƙarancin gona

Turawan Ingila biyu suka ɗora a kan Smit. Tomas Maltus ya ce a 1798, jama'a tana iya ninkawa cikin shekara 25, amma abinci ba ya ninkawa haka, saboda haka yunwa tana nan tana jira. Dabid Rikardo ya ce a 1817, idan mutane suka ƙaru dole a shiga noman ƙasa marar ƙarfi, kuma duk lokacin da aka yi haka darajar ƙasa mai kyau sai ta hau, mai ita ya samu riba ba tare da ya ƙara gumi ba.

Ƙidayar Nijar ta ba Maltus gaskiya ta wani gefe: mutum wajen miliyan 5 a 1977, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012. Rikardo ma ya samu tasa. A shekarun 1950 da farkon 1960, da damina ta yi ta kyau, manoma daga kudu suka yi ta hawa arewa suna saran daji inda da bisashe ke kiwo. Ganin haka gwamnati ta kafa doka mai lamba 61-05 ta watan Mayu 1961, ta shata iyakar noma ta arewa, kwarin Tarka kuwa yana cikin alamomin wannan iyaka. Arewa da layin ƙasar kiwo ce, kuma dokar ta ce ba a biyan ɓarnar da bisashe suka yi wa gonar da aka yi a can. Amma gonaki sun ƙetare layin tun da daɗewa. Da fari ya zo a 1973, sannan a 1984, waɗannan gonakin tudu su ne suka fara ƙonewa, ƙasan kwari mai laima da ruwa kusa ya zama abin da kowa ke so, manomi da makiyayi da attajirin birni.

Sai dai Maltus bai gama magana ba. A 1965 wata masaniya ƴar Danmak, Ester Boserup, ta ce matsi yakan sa manomi ya sake dabara. A kudancin Damagaram da Maradi, inda jama'a ta fi cunkoso, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina sare tohon itace a gona, suka riƙa rainon gawo da ire-irensa, har masu bincike suka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai wajen eka miliyan 5 ta awon hekta. Baki yana zuwa da hannu biyu. Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya gano me ya sa dabarar ta fi kamawa a kudu, kuma me za ta bukata a ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar Tarka.

Wa ya yi gumi, wa ya ci?

Karl Marks, Bajamushe mazaunin Landan, ya fitar da littafinsa kan jari a 1867. Tambayarsa guda ce: cikin kowace al'umma, wa ke yin aikin, wa ke kwashe rarar, kuma ta wace hanya? A Damargu ta ƙarni na 19 amsar a fili take, domin bayi da talakawan ƙauyuka suna noma, iyayengiji suna karɓar dami. Zamanin Nasara hanyar ta sake. Aka ɗora harajin kai, wanda ake kira lanho, aka ce da kuɗi za a biya. Mai hatsi dole ya sayar da kaka komai arahar farashi, wanda ba shi da abin sayarwa ya tafi cin rani. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Harajin kai na ƙasa kuwa ya ci gaba bayan samun mulkin kai, sai a ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin uraniyum ya shigo, gwamnatin Saini Kunce ta ɗauke shi.

A nan ma akwai wurin taka tsantsan. Marks ya yi rubutu ne a kan ma'aikacin masaƙa na Ingila, wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa. Manomin Tarka yana da gonarsa da hauyarsa, ba shi da ubangida mai biyansa albashi. Rararsa tana fita ta wata ƙofa: ya ci bashin tiya da damina ya biya ninki da kaka, ya sayar da araha ya sayo da tsada, ya bar gonarsa ya yi ƙodago a ta wani lokacin da ciyawa ke cin tasa. Wanda ya haddace Marks ya zo ƙauye neman masu masana'anta ba zai same su ba. Wanda ya ɗauki tambayar Marks ya bi sawun buhun hatsi daga masussuka zuwa sito, shi zai ga inda gumin ya tafi.

Abin da ke ɗaure jama'a

Bafaranshe Emil Durkem ya ce a 1893 zumunta iri biyu ce: ta masu kama da juna, da ta masu bukatar juna. Ta biyun ita ce ta daɗe tana riƙe manomi da makiyayi. Bafulatana ta kawo nono ta karɓi hatsi, garke ya kwana a gona bayan girbi ya ci kara ya bar taki, manomi ya ba makiyayi amanar shanunsa. Bayan farin 1973 da na 1984 abin ya sauya: makiyayi da ya rasa garke ya kama noma, manomi mai hali ya tara nasa bisashe, kara da harawa suka zama kayan sayarwa. Da kowa ya koma yin aikin ɗan'uwansa, bukatar juna ta ragu, gasa ta ƙaru. Abin da ya faru a Toda cikin jahar Maradi a watan Oktoba na 1991, inda mutum fiye da 100 suka hallaka, akasarinsu mata da yara na makiyaya, ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Dokar karkara ta 1993, da kwamitocinta na sasanta filaye, da dokar kiwo ta 2010, ƙoƙari ne na ɗinke da takarda abin da a dā bukata ke ɗinkewa.

Ɗan ƴar'uwar Durkem, Marsel Mos, ya rubuta a 1925 cewa kyauta ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗaure mai bayarwa da mai karɓa. Duk wanda ya san biki da gayya ya san haka. Fulani suna da habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa aron karsana, ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Da wannan al'ada gidaje da yawa suka sake tsayawa bayan fari, har ƙungiyoyin taimako suka ara suna rabon awaki bisa tsarinta.

Maks Weber, wanda ya rasu a 1920, ya tambayi dalilin da ya sa mutane ke yin biyayya. Ya ce ko don gado da al'ada, ko don kwarjinin mutum guda, ko don doka rubutacciya. Rigimar rijiya ɗaya a Tarka tana iya tara su duka: sarki ko shugaban rukunin makiyaya da hujjar kakanni, malami da ake jin maganarsa, da ma'aikaci da takardarsa. Ma'aikacin da ya ɗauka hatiminsa kaɗai ya isa, hukuncinsa ba ya kwana biyu bayan motarsa ta tashi. Weber ya kuma danganta bunƙasar jari a Turai da tarbiyyar wani reshe na addinin Kirista. Ɗalibin ƙasar Hausa yana da abin da zai auna wannan da shi: fataken goro Agalawa, waɗanda asalinsu ke komawa ƙasar Abzinawa, da cikinsu Alhasan Ɗantata na Kano ya fito, da alhazan Maradi, duk sun tara jari bisa amana da tsimi da zumuntar Musulunci.

Darasin 2005

Mai cewa duk wannan zancen aji ne, sai ya tuna 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a arewa. Amma hatsin da ƙasa baki ɗaya ta samu bai gaza na shekarun baya da abin da ya wuce wajen kashi 11 cikin 100 ba. Duk da haka yunwa ta kama jahohin Damagaram da Maradi da Tawa, gidajen jinyar yara suka cika. Hatsi yana nan a kasuwa, sai dai buhu ya kai wajen jika 30 a waɗansu wurare, ga shi kuma farashin bisashe ya faɗi saboda rashin ciyawa. Makiyayin da ke sayar da akuya ɗaya ko biyu ya ɗauki buhu, sai ya kora ƙaramin garke bai samu ba. Da fari an tsaya ga sayar da hatsi da rangwame domin kada a ɓata kasuwa, alhali mai bukata ba shi da ko kuɗin rangwamen. Sai da damina ta yi nisa aka shiga rabon kyauta ga jama'a.

Masanin Indiya Amartiya Sen, magajin waɗancan magabata, ya bayyana irin wannan tun 1981, bayan ya binciki yunwar Bengal ta 1943 da ta Sahel ta shekarun 1970. Ya ce mutum yana iya mutuwa da yunwa a gaban sito cike, idan abin da ya mallaka, ƙarfinsa ko bisansa, ya daina sayen abinci. Talakawan Nijar sun riga sun faɗi haka da nasu harshe. Yunwar 1984 sun sa mata suna El Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya ta kuma canza kuɗi, hanyar hatsi da ta cin rani suka toshe a kan fari. Sun gane cewa rashin ruwa daga sama yake, amma yunwa da hannun mutum a ciki. Masu mulki ma sun sani, domin yadda aka tafiyar da taimakon fari yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da suka kifar da gwamnatin Jori Hamani.

Ke nan ma'aikacin da ke auna damuna kawai ya aika rahoto, rabin aiki ya yi. Sauran rabin shi ne ya san tiya nawa akuya ke saye a wannan mako, tiya nawa ƙodagon yini ke saye, da ko hanyar kudu a buɗe take.

Amsar da ta dace da tsohon

Karatun nan yana da ramuka biyu. Na farko hadda: ɗalibi ya cika kai da sunaye da shekaru cikin Faransanci, ya zuba su ranar jarrabawa, ya fito bai iya bayyana wa mahaifiyarsa ko ɗaya ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi gargaɗi tun 1964 cikin littafinsa kan ilmi a Afirka game da makarantar da ke raba yaro da harshensa da jama'arsa. Rami na biyu shi ne watsi: a ce tunda baƙi suka rubuta, ba ruwan ƴan ƙasa da su. Mai faɗin haka ya manta ma'auni ba shi da ƙabila. Tiyar da aka ƙera a wani gari tana auna hatsin kowane gari, in dai mai awo ya san inda ta lotsa.

Hanyar tsakiya ita ce wadda tarihin Damargu ya nuna. Kowane ɗaya cikin magabatan nan ya faɗi gaskiya a wani wuri, ya kuma gaza a wani wuri, kuma ba a sanin inda ya gaza sai an kai shi bakin rijiya da kasuwa. A Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a 2001, inda masana ƴan ƙasa da baƙi ke yin irin wannan aiki, suna zama cikin jama'a suna duba yadda asibiti da kotu da ƙaramar hukuma ke gudana a zahiri, ba yadda takarda ta ce ba. Sababbin tambayoyi kuma suna ta tasowa. Tun 2011 matatar man fetur ta SORAZ take aiki cikin gundumar Tanut a kan hanyar Damagaram. Wa ya samu aiki, wa ya rasa gona ko makiyaya, ina rarar ta nufa, duk tsofaffin tambayoyi ne cikin sabuwar riga.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna da rabo cikin wannan aiki. Mutumin da ke rubuta farashin tiya da na akuya kowace ranar kasuwa cikin ɗan littafinsa, ko magatakardan rumbun tsimi da ke riƙe lissafin shiga da fita, yana tara abin da babu shi a ɗakin karatu na kowace jami'a. Ɗalibi yana da tambayoyin, su suna da shaidar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka idan tsohon ya sake tambaya, yaron yana da abin faɗi ba tare da sunkuyar da kai ba: "Baba, ana koya mini in gane dalilin da ya sa buhun da ka sayar da kaka ya fi ƙarfinka da damina, da abin da za a yi kafin a kai ga haka." In ya iya bayyana wannan da Hausa ko da Tamashek ko da Fulatanci har tsohon ya gyaɗa kai, ya kuma tuna da shi ranar da aka ba shi kujera da hatimi, to akuyar da aka sayar ba ta tafi banza ba.